Kafin Ka Sayi Jitar Lantarki, Hannunka Zai Kai Gindin Wuyanta?

Wani ɗalibi da ke zaune a Gwallameji, dab da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, ya aiko mana da tambaya. Shi ne mai jita a ƙungiyar mawaƙan majami'arsu, wani lokacin ma ana gayyatarsu biki a Yelwa, kuma ya gaji da aron ta mutane. Ya tara 'yan kuɗinsa, sai aka nuna masa guda uku: wata ta hannu mai ƙirar Les Paul, wata sabuwa mai ƙirar Stratocaster, da wata Ibanez mai firet 24 wadda ta ɗan fi ƙarfin aljihunsa. Damuwarsa ita ce duk lokacin da kiɗa ya yi zafi, ya gangara can wajen siraran muryoyi, sai hannunsa ya maƙale. Wace zai ɗauka?

Ƙanena, ka fara da sanin abin da ke tare maka hannu, domin yawancin masu saye a nan suke kuskure. Firet-firet ɗin suke ƙirgawa, wato ƙananan ƙarafan nan da aka jera a wuyan jita, sai su ce mai 24 ta fi mai 22, mai 22 ta fi mai 21. Yawansu ba shi ne matsalarka ba. Abu biyu ne ke hana hannu wucewa: yadda aka sassaƙe jikin jitar a gefen wuya, da kaurin gindin wuyan, inda ya haɗu da jiki ta baya. Idan wurin nan ya yi tudu, tafin hannunka zai ci karo da itace tun yatsunka ba su isa inda kake so ba, ko da firet talatin aka jera maka.

Ɗauki Les Paul, wadda kamfanin Gibson ya fitar a 1952. Gefe ɗaya kawai aka sassaƙe mata, jikinta na da kauri, wuyanta kuma manne shi aka yi da jiki a daidai firet na 16. Daga na 17 zuwa na 22, babban yatsanka ba shi da wurin zama, sai ka janye shi ka miƙa sauran yatsu kawai. Ana iyawa, gwanaye irin su Slash sun yi suna da ita, amma da wahala aka saba. Ga nauyi, sau da yawa takan haura kilo 4, wanda duk mai tsayuwa awa uku a taron sujada zai ji a kafaɗarsa. Muryarta dai akwai kauri da zaƙi, ba mai musun wannan. Bob Marley da wata 'yar gidansu ya yi yawancin kiɗansa, sai dai shi aikinsa riƙe kiɗa ne, ba sukuwa a gindin wuya ba.

Stratocaster ta Fender, wadda ta fito a 1954, gefe biyu aka sassaƙe mata, shi ya sa babban yatsa ke samun hanya ta sama, sauran kuma ta ƙasa. Ita ma ba ta rasa nata aibin ba. Da kusoshi huɗu da farantin ƙarfe aka ɗaure wuyanta, gindin kuma mai kusurwa ne, za ka ji shi a tafin hannu daga wajen firet na 17. Duk da haka ta fi Les Paul sakin hannu nesa ba kusa ba. Wadda ta fi su duka a wannan fanni ita ce SG, da Gibson ya kawo a 1961: kusan dukkan wuyanta a waje yake, ga ta sakayau. Illarta, idan ka rataya ta ka saki, kanta kan rinjaya ƙasa, kuma mahaɗin wuyanta ba ya jure faɗuwa. A ɗakin ɗalibai da mutum huɗu ke kwana, abin dubawa ne. Ita kuwa Ibanez RG, tun fitowarta a 1987 aka san ta da siririn wuya da sassaƙa mai zurfi, a wasu ma an goge gindin wuyan ya zama mulmulalle.

To, kana buƙatar firet 24 ɗin kuwa? A tsirkiya mafi siranta, firet na 22 na ba ka muryar D, na 24 na ba ka E. Tazarar ke nan gaba ɗaya, kuma wanda ya iya tura tsirkiya sama da yatsa zai samo E ɗin daga na 22. Kiɗan da ake kira makosa a majami'u da bukukuwanmu, wanda salon jitarsa ya fi kama da na mutanen Kwango irin su Diblo Dibala, yawancinsa tsakanin firet na 12 da na 19 yake yawo. Ka dubi Mdou Moctar na Nijar, wanda ya fara da jitar da ya haɗa da kansa da wayar birkin keke. Stratocaster yake riƙewa a manyan dandamalin Amurka da Turai, ba a taɓa jin firet sun yi masa kaɗan ba. Har wa yau, a jita mai 24 dole a ɗan matsar da maganaɗisun ɗaukar sauti na kusa da wuya zuwa baya, sai wannan murya mai taushi da ake so a waƙoƙin natsuwa ta ɗan sauya.

Yanzu maganar kuɗi. Ba zan faɗi farashi ba, don kayan daga waje suke zuwa, kullum da yadda dala ta kwana. Abin da zan ce shi ne kada ka juye komai a kan jitar. Jitar lantarki ba ta magana ita kaɗai. Akwai amfilifaya, akwai waya mai kyau, da jaka, da maratayi, da tsirkiyoyin canji, da ladan wanda zai saita maka ita. A ganina, ka ware kamar kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka don waɗannan, ko da majami'arku na da sifika, domin a ɗaki za ka riƙa gwaji. Manyan kamfanonin nan duk suna da 'ya'yan talakawa: Squier na Fender ne, Epiphone na Gibson, GIO na Ibanez, ga kuma Yamaha Pacifica wadda ta daɗe tana fitar da masu koyo kunya. Gara ka riƙe Squier ta gaskiya da ka riƙe wadda aka rubuta wa Fender ko Gibson a ka, alhali kuɗinta bai kai na wayar hannu ba. Wannan jabu ce, kyan ɗan maciji.

Abu ɗaya da nake hana duk mai ƙaramin ƙarfi: jita mai araha da aka sanya wa sandar girgiza sauti irin ta Floyd Rose. Masu firet 24 da dama da ita suke zuwa, tana da ban sha'awa a ido. Amma mai arahar ba ta riƙe saiti, tsirkiya ɗaya ta tsinke sauran biyar sun karkace, kuma canza su aiki ne na mai haƙuri da makullai. Idan Ibanez ɗin da aka nuna maka irin wannan ce, bar ta.

Sau da yawa ma laifin ba na ƙirar ba ne, na saiti ne. Idan tsirkiya ta yi nisa da firet, gindin wuya ne wurin da ya fi wahalar dannawa. A firet na 12, tazarar kada ta wuce milimita 2. Ka sa tsirkiya mai lamba 9, ta fi taushi a yatsa, ka kuma ɗage maratayi jitar ta hau zuwa cikinka, maimakon ka sake ta har gwiwa don gayu. Mutane da dama sun sayar da jita mai kyau alhali gyaran rabin awa take nema.

Yanayinmu na Bauchi ma yana da nasa hukuncin. Da hunturu itace kan bushe ya tsuke, wuya ya ɗan lanƙwashe, bakin firet-firet ya fito yana yankar hannu. Da damina kuma ya kumbura, gumi ya sa tsatsa. Saboda haka, musamman a ta hannu, ka tabbata ƙarfen da ke cikin wuya, wanda ake juyawa a miƙar da shi, yana aiki. Idan ya ƙi juyawa ko ya zarce, ko kyauta aka ba ka, gyara ka ɗauko. Kada ka jingine ta a bango a ƙarƙashin rufin kwano da rana, a jaka za ta zauna. Ga kuma batun wuta: maganaɗisu siriri yana kwaso ƙugi daga janareta da cajar waya, mai faɗin nan mai layi biyu kuwa yana kashe shi. Jitar da ta haɗa sirara biyu da mai faɗi ɗaya, kamar Pacifica, ta fi dacewa da mu.

Ranar saye, ko Jos ka je, ko Abuja, ko kasuwar Alaba a Legas, kada ka yi cinikin biri a sama ta hoton WhatsApp. Ka tafi da wanda ya girme ka a harkar. Ka rataya ta a tsaye, ka kaɗa abin da ka saba kaɗawa daga firet na 15 zuwa na ƙarshe, ka lura da inda tafin hannunka ya tsaya. Ka danna kowace tsirkiya a kowane firet, ka saurari wadda ta mutu ko take zizar ƙarfe. Ka tura siririyar sama a na 17 da na 20, idan muryar ta yanke, firet ɗin ba su daidaita ba. Sannan ka gwada na 12 da tsirkiya a sake, murya ɗaya ya kamata su bayar, ɗaya sama ɗaya ƙasa.

A cikin ukun nan, ga irin kiɗan da kake yi da abin da ke aljihunka, ka ɗauki mai ƙirar Stratocaster, in dai ta sanannen kamfani ce kuma ta ci wannan gwaji. Canjin da ya rage ka kai ta a saita, ka sayi ƙaramar amfilifaya.