Yadda Ake Kafa Gidauniyar Kare Muhalli Ba Tare da Binne Kuɗi a Rami Ba

Shawarar da aka saba bai wa masu son kafa gidauniyar kare muhalli ita ce su sayo dubban dashe, su kafa rumfa, su buga riguna masu tambari, su gayyato manyan gari a dasa ranar 5 ga Yuni, wato Ranar Muhalli ta Duniya. A Katsina, Jigawa, Yobe ko Maraɗi, sau da yawa damina ba ta ma zauna ba a wannan rana. Ka koma filin a watan Maris, abin da za ka tarar shi ne ramuka da busasshen kara, sai allon sanarwa da ya yi tsatsa, akuya ta gama nata aikin. Gidauniya mai ƙaramin ƙarfi ta fara da itacen da tuni ya kafa saiwa, ta kashe kuɗinta kan tsaro da koyarwa, dashe ya biyo baya.

Matakan farko ba su da wani sirri. A tara mutanen da ke zaune a garin, a zaɓi amintattu aƙalla biyu, a rubuta tsarin mulki, a yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, in a Najeriya ne. Za a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, sannan a nemi takardar SCUML, ta sashen yaƙi da halasta kuɗin haram, don buɗe asusun banki. Kuɗin jarida da na lauya ne za su fi cin aljihu, kuma farashinsu ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kada dai a cika jerin amintattu da manyan mutanen da ke Abuja, ranar da ake neman sa hannu za a yi ta bin su kamar bashi.

Daga nan sai a shiga gona kafin sharar bazara. Waɗannan ƙananan kurmin sabara da kalgo da ake sarewa a ƙone duk shekara, yawancinsu kututturan bishiyoyi ne masu rai, saiwarsu ta riga ta nutse inda danshi yake. Abin da Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki a yankin Maraɗi a lokacin, ya gane ke nan a 1983, bayan dashen da yake yi ya yi ta mutuwa. Manoman can suka raɗa wa dabarar suna sassabin zamani, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da bishiyoyi wajen miliyan 200, galibi a Maraɗi da Damagaram. Yadda ake yi: a kowane kututture a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi da miƙewa, uku zuwa biyar, a cire sauran. A sassabe rassan gefe har zuwa rabin tsayin kowane toho, kada a wuce haka, domin in aka yi masa ƙwal-kwabo iska za ta karya shi. Wuƙa ko adda ta kasance mai kaifi sosai, kuma a yi saran daga ƙasa zuwa sama. Mai sara daga sama yakan ɓare ɓawon, ya bar rauni ga gara da ruɓa. A ɗaura jan ƙyalle a jikin tohon don mai wucewa ya san yana da mai shi, a dawo bayan 'yan watanni a sake gyarawa.

Sassaben kansa yaro ma zai iya koya da hantsi ɗaya. Inda gidauniyoyi ke tuntuɓe shi ne tambayar wa ke da itacen. A Nijar an daɗe ana ɗaukar bishiya a matsayin kayan gwamnati, ma'aikacin gandun daji yana iya cin manomi tara kan itacen da ke cikin gonarsa, don haka manomi ya gwammace ya tumɓuke toho tun yana ƙarami da ya raini abin da zai jawo masa masifa. Sai da wannan tsoro ya ragu bishiyoyi suka dawo, kuma a 2020 gwamnatin ƙasar ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙin abin da ya raina. Saboda haka, kafin a taɓa kututture ko ɗaya, a zauna a ƙofar dagaci: mai unguwa, liman, sarkin noma, ardo, jami'in gandun daji na ƙaramar hukuma, da wakilan matan da ke neman itacen girki. A rubuta a takarda cewa itacen gona na mai gona ne, a fayyace wanda zai ɗebi rassan da aka sassabe, lokacin da dabbobi za su shiga cin harawa, da tarar wanda ya sare na wani da dare. A ware burtali, a bar shi a buɗe. Yarjejeniyar da aka yi ba ardo a wurin ba za ta kai rani ba, domin makiyayin da ba a sa da shi ba bai ga dalilin kewaye jan ƙyallenka ba. Matan kuwa, in ba a nuna musu inda za su samu makamashi ba, tukunya ba za ta jira bishiya ta girma ba.

Manomi zai ce inuwa tana kashe gero, bishiya kuma tana tara jan-baki. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ba a barin kowane kututture, kuma shi ne zai zaɓi adadin da gonarsa za ta ɗauka. A nuna masa gawo, wanda ke kakkaɓe ganyensa da damina ya bar rana ta sauka kan shuka, ya yi ganye da rani, 'ya'yansa kuma su ciyar da tumaki lokacin da ciyawa ta ƙare. Duk wanda ya taɓa noma ya san hatsin gindin gawo daban ne. Masu ba da tallafi kuma za su ce su adadin dashe suke son gani a rahoto. A ba su adadin da ya rayu bayan rani biyu, da hoton wuri ɗaya da aka ɗauka daga gindin alama ɗaya kowace shekara.

Ɓangaren ilimi ma a bar shi a fili. Lacca a aji kan ɗumamar yanayi ba ta kai a ba kowane ɗalibi kututturensa ba, da littafin rubutu mai shafi arba'in inda zai riƙa auna tsayinsa da igiya duk wata, ya kuma tambayo kakarsa sunan itacen da amfaninsa. A haɗa da makarantun allo da Islamiyya, almajiri ya fi kowa sanin inda ake samun itace.

Inda garma ko gini suka share kututture ƙaf, nan ne dashe ke da hurumi. Ledar fiya wata da aka huda gindinta ta wadatar, a cika ta da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a shuka a watan Maris ko Afrilu. Irin gawo da kuka da bagaruwa yana da tauri, sai an jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana, ko a tsinto wanda ya bi ta cikin akuya a turke. Darbejiya ta dace da bakin titi da harabar makaranta, amma a nisanta itacen turare daga gona da rijiya, shan ruwansa ya yi yawa. A dasa a Yuli bayan ruwa ya zauna, kuma a ƙirga keji tukuna: in ƙaya ko kwandon kariya hamsin aka tanada, dashe hamsin za a fitar daga gandun.