Abin da Tauraro Ya Ke Bari Bayan Mutuwarsa

Jama'a da yawa suna tsammani taurari ba su canzawa. Alhali kuwa tauraro wuta ce mai ci, kuma kowace wuta tana da ranar mutuwa.

Abu biyu ke riƙe da tauraro: nauyinsa yana danne shi ciki, zafinsa yana tura shi waje. Idan tauraro ya kai nauyin rana sau takwas ko fiye, yakan yi ta cin makamashinsa har cibiyarsa ta zama ƙarfe. Daga nan wutar ta mutu, cibiyar ta rufta cikin ƙiftawar ido, sauran jikin ya tarwatse da haske mai tsanani.

An ga irin wannan a watan Yuli na shekarar 1054. Masana taurari na ƙasar Sin sun rubuta cewa wani baƙon tauraro ya fito, ana ganinsa da rana tsaka har kwana 23, da dare kuwa kusan shekara biyu. Wani likita mutumin Bagadaza, Ibn Butlan, shi ma ya ba da labarinsa.

A 1731 wani Bature na Ingila, John Bevis, ya duba wurin da madubin hangen nesa, gabas da Kaza da 'Ya'yanta, ya ga wani haske kamar hayaƙi. Shi ne ake kira Gajimaren Ƙaguwa, watau ragowar gas na wancan tauraro. Haskensa yakan yi tafiyar shekara kamar 6,500 kafin ya iso mana. Har yanzu yana bazuwa, wajen mil 900 cikin sakan guda.

To, me ya hana shi dushewa? A 1968 aka gane cibiyar tana nan a tsakiya. Faɗinta bai wuce mil 20 ba, amma ta fi rana nauyi, tana juyawa sau 30 kowane sakan. Ƙarfin juyawar nan shi ke haskaka gajimaren.

Irin wannan fashewa ba hasara ba ce. Ita ke watsa ƙarfe da iskar da mu ke shaƙa cikin sararin sama, daga nan sababbin taurari da duniyoyi su samu. Ƙarfen gatari da ƙarfen da ke cikin jininmu duk daga taurarin da suka fashe suka fito.

Kada hankalin kowa ya tashi game da ranarmu. Nauyinta bai isa ta yi irin wannan fashewa ba.