Ƙura da Madubin Kallon Taurari

Yara, duk wanda ya tashi a Dutsin-Ma ko Kurfi ya san halin hunturu. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iska ta kan taso daga arewa maso gabas, hazo ya rufe gari, har mutum ya kasa hango duwatsun da ke bayan gidansu. Da dare kuwa sai a ɗaga kai a nemi Kaza da 'Ya'yanta, a gan su dushi-dushi. Yawancin ƙurar nan daga Sahara ta ke zuwa, musamman daga wani busasshen tafki da a ke kira Bodele, a ƙasar Chadi.

To, ba mu kaɗai ƙurar Sahara ta ke damu ba. Yamma da ƙasar Maroko, cikin teku, akwai tsibiran Kanari, waɗanda ke ƙarƙashin mulkin Sifaniya. A ɗayansu, mai suna La Palma, an gina ɗakunan kallon taurari a bisa wani dutse mai tsawon fiye da mita 2,200. A nan ne a shekarar 2009 aka buɗe wani ƙaton madubin hangen nesa, wanda faɗinsa ya kai mita 10.4. An haɗa shi da gutsure 36 na gilashi, an shafe fuskar kowanne da alminiyam, irin wanda a ke tukunya da shi. Shafen nan bai ko kusa kai kaurin fatar albasa ba. Shi ne ke tattara hasken taurari masu nisa, har masana su gan su.

Madubin yana cikin wata babbar ƙubba, wadda a ke buɗewa da dare. Ga fa inda wuyar ta ke. In ba a buɗe ƙubba ba, ba a ganin taurari, in kuwa an buɗe, ƙura ta sami ƙofa. Idan ta kwanta a bisa madubi sai ta watsa hasken, tauraro mai rauni ya ɓace. In raɓa ta sauko a kanta, sai ta manne kamar yaɓe.

Saboda haka masana suka yi dabara uku. Ta fari, sun kafa na'ura mai auna yawan ƙurar da ke cikin iska. Da zarar ta wuce iyakar da aka sa, sai a rufe ƙubba, ko da kuwa an yi nisa da aiki. Wani masani ya kan yi watanni yana jiran darensa, amma dole ya haƙura, gama hasarar dare guda ta fi sauƙi bisa hasarar madubi.

Ta biyu, ba su goge madubin da tsumma, domin ƙwayar ƙura tana da kaifi, in an murza ta sai ta karce shafen. Maimakon haka su kan fesa masa ƙanƙarar iskar nan da ke sa lemon kwalba kumfa. Ƙanƙarar ta kan ture ƙurar, sa'an nan ta koma iska, ba ta barin laima.

Ta uku, in shafen ya dushe, sai a ciro gutsuren, a wanke tsohon shafe, a yi masa sabo, a mayar da shi gurbinsa.

Mu ma muna da abin koyi a nan. Masu duban jinjirin watan azumi da madubin hangen nesa, da masu sa tabarau, duk abu guda ya kamata su yi. A fara hure ƙurar ko a ɗauraye ta kafin a goge, a kuma rufe gilashi da zarar an gama aiki. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Daga ina ƙurar hunturu ta ke zuwa?
2. Gutsure nawa aka haɗa aka yi madubin La Palma?
3. Don me a ke rufe ƙubba in ƙura ta yi yawa?
4. Me zai faru in an goge madubi da tsumma?