Baba ba rigima yake yi ba, buta yake nema

Aikina tafinta ne a Ingila. Ina shiga tsakanin likita da marar lafiya, kuma yawancin waɗanda ake kira na dominsu tsofaffi ne. Wata rana aka neme ni a wani gidan kula da tsofaffi saboda wani dattijo Bahaushe da ya zo ƙasar nan karatu tun yana saurayi, ya yi aiki har ya yi ritaya. Ma'aikata sun rubuta a fayil ɗinsa cewa ya zama mai rigima: kullum da asuba yana tashi ya nufi banɗaki, ya jiƙa hannun rigarsa da ƙasan ɗakin, in an riƙe shi ya fizge yana maimaita wata kalma da ba su gane ba.

Na durƙusa na ce, "Baba, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?" Ya daɗe yana kallona, sannan ya kama hannuna ya ce, "'Yata, sun ɗauke min buta." Alwala yake son yi. Watanni ana kokawa da bawan Allah a kan sallar asuba, har an fara maganar ba shi maganin kwantar da hankali. Na fita daga ɗakin idona cike da ƙwalla.

Abin da ya same shi sananne ne ga masu aikin cutar mantuwa, wadda a gida muke cewa gigin tsufa. Harshen da mutum ya koya da girma shi yake fara zubewa, na nonon uwa ya saura. Wanda ya shekara hamsin yana Turanci sai ya wayi gari ba ya iya cewa yana jin ƙishi sai da Hausa. In babu mai jin sa a kusa, ciwon haƙori ma sai a ɗauke shi a matsayin taurin kai.

Tun wajen gwaji ake fara samun matsala. Akwai wani gajeren gwajin ƙwaƙwalwa da asibitocin nan suka daɗe suna amfani da shi, wanda a cikinsa ake tambayar shekarar Yaƙin Duniya na Ɗaya da sunan mai sarautar Ingila. Gwoggon da ta zo daga Katsina renon jikoki ina za ta san wannan? Sai ta faɗi gwajin alhali lafiyarta ƙalau. Akwai wani gwajin mai suna RUDAS da aka fitar a Ostareliya a 2004 musamman domin mutane masu harsuna da al'adu daban-daban, kuma iyali na iya roƙon a yi amfani da shi.

Mu ma muna da namu laifin. Muna ɓoye tsohonmu a ɗaki don kunya, mu ce tsufa ne kawai, wani ya ce sammu ne, har sai ya fita cikin sanyi ya ɓace sannan a nemi likita. A yi addu'a, a yi ruƙiyya, amma a haɗa da asibiti da wuri. Hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki, waɗanda suka yi yawa a cikin baƙar fata, suna cikin abubuwan da ke jawo wani nau'in cutar, kuma waɗannan ana iya shawo kansu. Wani rahoton 'yan majalisar Birtaniya na 2013 ya ƙiyasta mutum 25,000 daga ƙananan ƙabilu da ke fama da cutar a Ingila da Wales, ya kuma yi hasashen za su kai 50,000 a 2026.

Tafinta a hukumar lafiya ta NHS kyauta ne, ba a biyan ko kwabo. Ku nema tun lokacin da kuke karɓar ranar ganin likita, ku ce Hausa, ku faɗa in mace ake so ko namiji. Don Allah a daina sa jika ya yi fassara. Ƙa'idar hukumar ta hana amfani da yaron da bai kai shekara 16 ba sai a halin gaggawa, kuma ko ba don ƙa'ida ba, wace kaka ce za ta gaya wa jikanta fitsari yana kufce mata? Dokar kulawa ta 2014 ta kuma ba tsoho damar ƙaramar hukuma ta zo ta duba bukatunsa kyauta, mai jinyarsa ma haka.

Sai dai tafinta awa ɗaya yake yi ya tafi. Sauran yinin fa? A nan al'umma ta shigo. Dattijon nan an kawo masa buta da darduma, aka manna wa ma'aikata takarda mai kalmomi kaɗan: ruwa, zafi, sallah, sannu. 'Yan masallacin unguwa suka raba kwanaki, kowa da ranarsa, wani ya zo da kunu, wani ya zauna kawai suna hirar gida. Maganar maganin nan ba a sake tayar da ita ba.

Ina roƙon limamanmu da shugabannin ƙungiyoyinmu, maza da mata, su rubuta sunayen tsofaffin da aka daina gani a sahu da wajen suna da biki. A bincika inda suke, a je a gaishe su da Hausa ko sau ɗaya a mako.