Amsoshin Tambayoyinku: Hana Kwale-kwale Wucewa Lokacin Ginin Gada

Tambayarmu ta yau ta fito ne daga Malam Garba, matuƙin kwale-kwale a garin Guri, jihar Jigawa. Yana cewa: "Idan ana ginin gada a kan Kogin Haɗeja, shin masu aikin na da hurumin hana mu wucewa?"

To Malam Garba, mun gode. Ana iya taƙaita wucewa, amma bisa izinin hukuma. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ita ce ke sa ido kan zirga-zirgar jiragen ruwa.

Dalilin taƙaitawar shi ne tsaron rai. Kafin a zuba ginshiƙan gada, akan datse wani ɓangare na kogin. Ruwa ya matsu ke nan, sai ya ƙara gudu, yana iya maka kwale-kwale mai ɗauke da buhunan shinkafa a jikin ginshiƙi. Ga rodi a ƙarƙashin ruwa, ga ƙarafa suna lilo a sama. Idan kuma aka saki ruwa daga madatsun Tiga da Challawa, haɗarin ya ƙaru.

Sai dai ku ma kuna da haƙƙi. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyi da dama a fadamar Haɗeja zuwa Nguru, don haka zagaye ba sauƙi. Ya kamata a sanar da ku tun da wuri ta bakin sarkin ruwa da dagatai, a ware muku mashiga mai alama, a kuma tsayar da lokutan wucewa.

Malam Garba, a bi mashigar da aka ware, a sa rigar kariya, a guji tafiyar dare. Allah ya kiyaye.