Yadda ake gina wa zomaye ɗaki a tsakar gida a Gallabat

Duk wanda zai ajiye zomo a Gallabat, watan Afrilu ya kamata ya sa a gabansa tun kafin ya sayi ƙusa ko ɗaya. Garin yana bakin iyakar Sudan da Habasha, ƙorama ce kawai ta raba shi da garin Matamma na Habasha, kuma kusan a layi ɗaya yake da Katsina ta fuskar hawan rana. Bahaushen da kakanninsa suka yada zango a nan kan hanyar Makka ya san bazarar da ake nufi, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Shi kuwa zomon gida asalinsa na Sifen da Fotugal ne, inda kakanninsa ke wuni cikin rami mai sanyi sai magariba su fito kiwo. Jinsinsa daban ne da zomon dajinmu mai dogayen ƙafafu, wanda ke kwana a gindin ciyawa. Jikin zomon gida ya fi sakewa tsakanin digiri 15 zuwa 21, ba ya zufa kamar mutum ko doki, da kunnuwansa da haki yake fitar da zafi. In zafi ya wuce digiri 30 sai ya rage cin abinci, namiji ya yi makonni yana barbara ba ciki, in kuma ya wuce 35 a wurin da iska ba ta ratsawa, mace mai ciki tana iya mutuwa tsakanin azahar da la'asar. Saboda haka ra'ayina shi ne a gina ɗakin zomo a Gallabat domin zafi tukuna, sauran abubuwa kamar tsaro da tsafta da kyan gani su biyo baya.

Na san abin da wani zai ce: ai ga hotuna nan a waya, akwatunan katako masu fenti, rufe ruf, da 'yar ƙofa da rufin kwalta, kuma masu su sun daɗe suna kiwo. Gaskiya ne, amma a duba inda aka ƙera su. A Ingila da ire-irenta ake yin wannan akwati, a ajiye zomo ko wata 'yar dabba mai kama da tunku da suke kira feret, wadda tun asali aka horar da ita don koro zomaye daga rami. Damuwar mai kiwo a can ita ce sanyi da iska mai ruwa, don haka yake toshe kowace kafa. Feret ma da zafi ya kai digiri 30 ta shiga haɗari, shi ya sa ba dabbar wannan ƙasa ba ce. Wanda ya kwafo wannan akwati ya kafa shi a tsakar gida a Gallabat, tanda ya gina wa dabbarsa. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Matakin farko zaɓen wuri ne, kuma ba a yin sa da safe. A fita tsakar gida da ƙarfe biyu na rana, a sake fita da ƙarfe huɗu, a ga inda inuwa ta tsaya a lokutan biyu. Gindin dogon yaro ya fi ko'ina, domin yana riƙe ganye a bazara lokacin da itatuwa da yawa suka kaɗe. In babu itace, rakuba, wato rumfar da ake yi da zana ko karan dawa, ta wadatar, muddin ta yi tsayi. A guji jingina ɗakin da katangar da ranar yamma ke duka, domin bango yana shan zafi da rana ya yi ta amayar da shi har bayan isha'i. A shimfiɗa tsawon ɗakin daga gabas zuwa yamma, dogayen ɓangarorinsa su kalli kudu da arewa. Dalili kuwa, a wannan yanki rana tana bi ta kusa da tsakar ka yawancin shekara, rufi ne ke tare ta. Wadda ke shigowa ta gefe ita ce ta hantsi da ta la'asar, don haka gajerun ɓangarorin ake ba ta, a toshe na yamma da zana mai kauri. A kuma nisanta shi da madafa saboda hayaƙi, da inda yara ke kwana a waje, musamman a ƙasar da aka san cutar kala-azar, wadda ɗan ƙudan da ke yaɗa ta ke son tsagar ƙasa da gindin dushe da aduwa. Tara dabbobi da kashinsu kusa da shimfiɗar yara ba dabara ba ce.

Na biyu rufi. Kwano yana da farin jini saboda ba ya yoyo kuma gara ba ta cinsa, amma a ɗora tafin hannu a kansa da tsakar ranar Afrilu, ba za a iya ƙirga biyar ba. Zomon da ke taƙi biyu ƙarƙashinsa yana shan wannan zafin duka. Mutanen Gadarif, jihar da Gallabat ke ciki, sun riga sun warware matsalar a ɗakunansu na guttiya, jinka mai kauri da tsini, mai sanyi a bazara, ruwa kuma ya zame a kanta da damina. Ita za a kwaikwaya. A yi rufin ciyawa mai kaurin taƙi guda, a karkata shi sosai, bakinsa ya zarce jikin ɗakin da kamu ɗaya da rabi a kowane gefe don feshin ruwa. Wanda ya nace sai kwano, to ya yi rufi biyu, kwanon a ƙasa, ciyawa ko karan dawa a bisansa, a bar aƙalla rabin mita tsakanin kwanon da saman kejin don iska ta wuce.

Na uku ƙafafu da daɓe, kuma a nan ƙasar Gallabat ce ke yanke hukunci. Baƙar laka ce, irin wadda mutanen Borno ke kira firki, ita ce ta mai da jihar Gadarif rumbun dawa da riɗi na Sudan. Da rani takan tsattsage har hannu ya shige, da ruwa ya sauka daga Yuni zuwa Satumba kuma ta kumbura ta zama taɓon da ke cire wa mutum takalmi. Ruwan Gallabat ya fi na birnin Gadarif yawa. Ɗakin da aka ajiye a ƙasa, damina za ta jiƙe shi, rani kuma ya buɗe wa maciji da kunama hanya. A ɗaga shi santimita 80 zuwa mita ɗaya, daidai ƙugun babban mutum, a kan dirkoki masu ƙarfi da aka binne da zurfi, a cika ramin da tsakuwa da yashi domin lakar tana motsi tana karkatar da dirka. A shafe gindin kowace dirka da baƙin mai saboda gara, a kifa mata hular kwano a tsakiya yadda ɓera da gafiya ba za su iya hawa ba. In kejin mai ɗaukuwa ne, a tsoma ƙafafunsa cikin gwangwanaye masu ɗan baƙin mai, domin kwarkwasa kan gama da jariran zomo cikin dare ɗaya. Daɓen kuma ya zama mai ramuka, kashi da fitsari su zube ƙasa. Ragar waya mai kauri, mai ido santimita ɗaya da kwata a faɗi, biyu da rabi a tsawo, ita ce daidai. In ba ta samu ba, a tsaga gora, wadda ƙasar Matamma ke da ita, a jera da tazarar ɗan ƙaramin yatsa, bayan goran mai santsi yana sama. Tazara ta fi haka, ƙafar jariri ta faɗa ta karye. Ta gaza haka, kashi ya taru. Amfanin wannan daɓe ya wuce tsaftar ido. Cutar hanji da likitocin dabbobi ke kira koksidiyosis, mai kashe 'ya'yan zomo bayan yaye da zawo da kumburin ciki, ƙwayayenta na fita cikin kashi, kuma sai sun kwana ɗaya ko biyu a danshi kafin su iya kama wani. Kashin da ya faɗi ƙasa nan take ya yanke musu hanya. Kada a damu cewa zomo zai rasa kashin nan mai laushi da yake ci da dare don amfanin cikinsa, daga jikinsa yake karɓarsa kai tsaye. Sai dai waya tana cin dunduniya, don haka a ajiye ɗan allo a kusurwa inda zai huta.

Akwai hujja mafi ƙarfi da za a iya kawo mini, kuma ba zan raina ta ba. Tunda zomo ɗan rami ne, ƙarƙashin ƙasa kuma ya fi sanyi, me zai hana a kewaye wuri a bar su su haƙa abinsu, kamar yadda ake yi a ƙauyukan Arewacin Afirka? Maganar sanyin gaskiya ce, har wani masani ɗan Italiya, Alessandro Finzi, ya yi shekaru a Viterbo yana gyara tsarin da ke haɗa keji a waje da ɗan ɗaki a binne domin ƙasashe masu zafi. Amma ramin da zomo ya haƙa da kansa a baƙar laka, ruwan Agusta zai cika shi da jarirai a ciki. Ba a ganin wadda ta haihu, ba a sanin wanda ya mutu sai wari ya tashi, ba a iya raba uba da 'yarsa, kuma rami ɗaya ya bi ta ƙarƙashin danga, kiwon shekara ya tafi. Abin da za a ɗauka daga wannan hikima shi ne sanyin, a bar haɗarin. A tara tudun yashi da jar ƙasa a bayan kejin, a ƙarƙashin rumfa, sama da inda ruwa ke kwanciya. A binne tulu ko randa mai faɗin baki a ciki, a huda gefenta, a haɗa ta da kejin ta bututun da zomo zai iya bi, a rufe bakinta da faifan katako mai nauyi wanda mai kiwo zai ɗaga ya duba. Wanda ya iya yin wannan ya ba zomonsa mafaka mafi kyau a bazara.

Na huɗu girma da rabo. Mace da 'ya'yanta suna bukatar ɗaki mai tsawon mita ɗaya, faɗi santimita 60 zuwa 70, tsayi kamar 60, yadda za ta miƙe tsaye kunnuwanta ba su taɓa sama ba, ta kuma kwanta ta miƙe ƙafa, domin da wannan kwanciyar take rage zafi. Kada faɗin ya wuce inda hannu zai kai. Namiji ɗakinsa daban, macen ake kaiwa wurinsa in lokacin barbara ya yi, a mayar da ita bayan an gama, don in aka kai shi nata za ta yi faɗa a kan wurinta. Manyan maza biyu ba sa zama tare. A tanadi ɗaki na uku na 'ya'yan da aka yaye, a raba maza da mata tun suna wata uku. Bango uku su zama raga, na yamma kaɗai a toshe. Ragar kaji mai laushi ta fi araha, amma araha ba ta ado: kare yana yaga ta, zomo ma da haƙoransa da ba sa daina tsiro yana gutsure ta. A sa waya ta cikin katako yadda bakinsa ba zai kai ga itacen ba. Muzuru da tunku suna zura hannu ta ƙasa su ja ƙafar jariri, don haka a kewaye ƙarƙashin kejin da wata raga. Ƙofa ta samu sakata ta ƙarfe da kwaɗo.

Akwatin haihuwa ba ya zama a ciki kullum. Cikin zomo kwana 31 ne ko kusa da haka, a sa akwatin a rana ta 28, mai tsawon santimita 45 da faɗi 30, da busasshiyar ciyawa mai laushi. Uwar za ta tsige gashin ƙirjinta ta shimfiɗa. Jariran suna zuwa tsirara, ido rufe, sai wajen kwana goma suke buɗewa. A nan kaɗai sanyi ke da magana, domin daren Disamba da Janairu yana iya kashe jaririn da ya faɗo waje, shi ya sa ake yi wa akwatin baki mai ɗan tsayi, a saki buhu a gefen da iskar hunturu ke bugowa. A bazara kuwa akwatin ya zama buɗe a sama, da ramuka a gindi, a rage gashin in ya yi yawa. Wanda ma ya dakatar da barbara daga Maris zuwa saukar ruwa, ya huta da asara mai yawa.

Na ƙarshe, kada a kawo zomo ranar da aka gama bugun ƙusa. A rataya ma'aunin zafi a cikin kejin kwana biyu ko uku, a duba shi bayan azahar. In ya fi na gindin itace zafi, akwai gyara a rufi ko a mashigar iska. A sa kaskon ruwa na ƙasa mai nauyi wanda ba zai kife ba, a canza ruwan safe da yamma, a ɗaure harawa da ganyen dankali a sama kada a tattaka su. Bazarar Gallabat busasshiya ce kafin gajimare ya fara taruwa, don haka dabarar zir, randar da ke sanyaya ruwa ta hanyar tsatsafa, tana aiki a nan: a jiƙa buhun algarara irin na riɗi, a rataya shi a gefen da iska ke shigowa, a riƙa yayyafa masa ruwa daga hantsi zuwa la'asar. Da damina ta kama a cire shi, danshi da warin fitsari ne ke jawo musu mura. Ƙarƙashin kejin a zuba yashi da toka, a kwashe kowane kwana biyu a kai gona, taki ne mai kyau. Ranar da aka ga zomo ya miƙe yana haki da sauri, hanci jiƙe, kunnuwa zafi jawur, a ɗauke shi zuwa inuwa mai iska nan take, a shafa masa ruwan randa a kunnuwa da ƙafafu, kada a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara, a ajiye masa ruwan sha kusa da baki.