Ƙarin Da Ke Tsirowa Cikin Ƙashi

A darasin Ilmin Halittu mun koyi cewa yawancin ƙasusuwanmu daga guringuntsi suke farawa, irin wanda muke taunewa a kan ƙashin kaza. A hankali yake taurarewa ya zama ƙashi. To, akwai yaran da wani sashe na guringuntsin nan yake ƙin sākewa. Sai ya zauna cikin ƙashin yana girma, ya zama ƙari a wurare da dama. Wani likitan fiɗa na birnin Liyon a Faransa, Louis Ollier, shi ya bayyana ciwon a ƙarshen ƙarni na 19, aka sa masa sunansa. An ƙiyasta yana samun mutum 1 cikin 100,000.

Tun yaro yana ƙarami ake ganewa. Yatsu su yi ƙulu-ƙulu, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta ko ta lanƙwashe, sau da yawa a gefe ɗaya na jiki. Ɗan tuntuɓe kaɗan sai karaya.

A nan Jabo da ƙauyukanmu, wurin maɗori ake fara zuwa. Ba mu raina gwanintarsu ba, amma hannu ba ya ganin cikin ƙashi, matsa da tsaga kuwa ba sa narkar da guringuntsi. Wasu kuma sai su ce sammu ne, ko a ɗora wa uwar yaro laifi. A 2011 masana sun gano cewa wani canji ne ke aukuwa a wasu ƙwayoyin halittar yaro tun yana ciki. Ba a gadonsa, ba a kuma ɗaukarsa wurin cin abinci tare. Mu da muka karanta labarin makahon nan a Yohanna 9 bai kamata mu shiga neman mai laifi ba.

Ƙarin ba ciwon daji ba ne, sai dai wani yakan juya ya zama shi, musamman bayan an girma. Idan ƙarin da ya daɗe shiru ya soma girma, ko yana zafi da dare, kada a jira kaka a sayar da gero. A je asibiti a Tambuwal a nemi hoton ƙashi. Daga nan likita zai iya turawa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, inda ake kankare ƙari a kuma miƙe ƙafa.